Haɗa Keken Tsere na Kabon Mara Nauyi a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu son haɗa keken tsere na kan kwalta da hannunsu, tun daga sayen firam har zuwa ranar hawan farko. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Mene ne ainihin kabon da ake yin firam da shi, kuma me ya sa ba shi da nauyi?

Kabon zare ne siriri ƙwarai, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Ana jera shi ya zama kamar ƙyalle, a jiƙa shi da wani irin gam mai suna efoksi, a yayyanka shi ɗaruruwan gutsattsari, a shimfiɗa su a kan juna cikin mazubi, sannan a gasa da zafi da matsi har ya sandare. Ƙarfin zaren yana bin tsawonsa ne, don haka mai ƙira yakan ƙara shimfiɗa a inda tuƙin feda ke murɗa firam, ya rage a inda babu wahala, har bangon wasu bututun bai kai milimita 1 ba. Wannan shi ya sa firam ɗin da ke ɗaukar ƙato a kan gangara ba tare da gezau ba, yana iya tsagewa idan aka matse shi da noti fiye da kima, domin ba a ƙera shi don jure matsi daga gefe ba.

Lambobin T700, T800 da T1000 da ake bugawa a tallan firam sunayen nau'in zare ne na kamfanin Toray na Japan. Suna nuna irin zaren da aka saya, ba su nuna kyawun aikin shimfiɗawa ba, alhali a nan ne ingancin yake. Kabon ba baƙo ba ne a tsere: tun a 1986 Greg LeMond ya lashe Tour de France a kan keke mai bututun kabon.

Nauyi nawa ake kira mara nauyi?

Ma'aunin da kowa ke kafa misali da shi shi ne kilo 6.8, wato mafi ƙarancin nauyin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda da shi tun shekarar 2000. Dokar ta shafi gasar da ke ƙarƙashin hukumar ne kawai, mai hawa don kansa ba ruwansa da ita. Firam ɗin kabon mai kyau yakan kama daga giram 700 zuwa 1,000, fok kuma, wato ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba, daga 300 zuwa 400, ko da yake akwai irin S-Works Aethos na kamfanin Specialized da ya fito a 2020 da firam mai giram 585. Ga wanda ke haɗa kekensa na farko da birkin faifai, kilo 7.5 buri ne mai ma'ana. Sauka ƙasa da kilo 7 yana yiwuwa, sai dai daga nan kowane giram ɗari yana ƙara tsada fiye da na bayansa.

Shin rage kilo ɗaya zai ƙara mini gudu sosai?

A kan tudu zai ƙara kaɗan, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kusan babu. Lissafin a fili yake: idan kai da keke da gorar ruwa kun haɗu kun yi kilo 80, kilo 1 kashi 1.25 ne cikin ɗari na nauyin, saboda haka a hawan tudu mai tsanani na awa guda ribar ba za ta wuce daƙiƙa 45 ba. Idan kuwa hanya ta miƙe kuma gudu ya haura kilomita 30 a awa, iska ce ke cinye mafi yawan ƙarfin ƙafarka, kuma yadda ka sunkuya a kan keke ya fi nauyinsa tasiri. Mai hawa a tuddan Jos yana da hujjar ƙirga giram fiye da mai hawa tsakanin Kano da Wudil.

Duk da haka ba na raina sha'awar. Keke mara nauyi yana amsa feda nan take, yana da daɗin tashi tsaye a kansa, kuma jin daɗin hawa dalili ne isasshe. Abin da nake so mai haɗawa ya sani shi ne girman ribar, don kada ya sayar da lafiyarsa saboda daƙiƙu kaɗan. Dubi amsar da ta shafi inda bai kamata a rage nauyi ba.

Haɗawa a gida ta fi sayen haɗaɗɗe araha?

Sau da yawa ba ta fi ba, domin manyan kamfanoni suna sayen giya da birki a farashin sari wanda mutum ɗaya ba zai samu ba, ga kuɗin jigila da na kwastam a kan kowane ƙunshi, ga kayan aiki. Ribar haɗawa ita ce ba za ka biya kuɗin sirdi da kan keke da wili da za ka cire ka ajiye ba, kuma za ka san kowane noti da ke jikin kekenka, wanda hakan babban abu ne a garin da babu mai gyaran da ya saba da irin wannan keke.

Da me zan fara?

Da takarda da biro, kafin ka biya kuɗin komai. Rubuta kowane sashe a layinsa, da ma'auninsa, da nauyinsa, da farashinsa, ka bar gurbi na nauyin gaskiya da za ka auna da sikelin kicin idan kaya sun iso, domin nauyin talla yakan manta da fenti da notuna.

Bayan haka sai girman firam, wanda shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Kada ka dogara da lambar 54 ko 56 ko harafin M, domin kowane kamfani da yadda yake awonsa. A jadawalin firam akwai awo biyu da ake ɗauka daga tsakiyar gidan kuran, wato ramin da sandar hannuwan feda ke juyawa a ciki, zuwa saman bututun gaba: ɗaya na tsaye, ɗaya na kwance. Na tsaye yana gaya maka yadda za ka sunkuya, na kwance kuma yadda za ka miƙa hannu. Idan kana da keken da ya zauna maka daidai, auna waɗannan biyun a jikinsa ka nemi firam mai kusa da su. Firam ɗin 'yan tsere gajeren gaba gare shi, kuma wanda bayansa ba ya lanƙwasuwa sosai zai ƙare da tara zobban ƙara tsayi a ƙarƙashin mariƙin kai, wato guntun da ke haɗa kan keke da fok, abin da ke da iyaka kamar yadda aka bayyana a amsar yanka bututun fok.

Zan iya amincewa da firam mai araha da ake saya kai tsaye daga masana'anta?

Mafi yawan firam ɗin kabon na duniya, har da na manyan sunaye, a Taiwan da Sin ake yin su, don haka ƙasar da aka yi shi ba ita ce abin tambaya ba. Abin da ya kamata a bambance shi ne tsakanin masana'antar da ke sayar da ƙirarta da sunanta, tana nuna shaidar gwajin ISO 4210, wato ma'aunin ingancin keke na duniya, tana ba da garanti kuma tana amsa saƙo, da kuma jabun da aka kwaikwayi siffar sanannen keke aka manna masa tambarin da ba nasa ba. Na farko mutane da yawa suna hawa lafiya. Na biyu ba na ba kowa shawarar ya ɗora jikinsa a kai, domin wanda ya yi ƙarya a fenti ba abin da zai hana shi yin ta a cikin bututu, kuma araha ba ta ado.

Idan firam ya iso, kafin ka ɗaura masa komai, haska fitila cikin bututun gaba da gidan kuran ka duba ko akwai tattarewa ko gurbin da gam bai cika ba, ka shafa mazaunin boris da yatsa ka ji ko sumul yake, sannan ka saka wilin baya ka ga ko ya zauna a tsakiya.

Waɗanne ma'aunai ne dole su dace da juna?

Gidan kuran ne ya fi ruɗa mutane. Akwai mai tiredi irin BSA, faɗinsa milimita 68, wanda ɓangarensa na wajen sarƙa ake ɗaure shi ta hagu. Akwai T47, shi ma mai tiredi ne amma ya fi faɗin baki. Akwai kuma waɗanda ake dannawa da matsi irin BB86 da BB30 da PF30. Boris ɗin da za ka saya dole ya dace da abu biyu a lokaci guda: ramin firam, da kaurin sandar kuran, wadda ta kamfanin Shimano milimita 24 ce, ta kamfanin SRAM mai suna DUB kuma 28.99. Ga mai aiki a gida na fi son mai tiredi, domin da sifana ɗaya ake saka shi a cire shi, kuma ba kasafai yake ƙara ba.

Sauran sun fi sauƙi. Keken birkin faifai na zamani yana amfani da sandar wili mai kaurin milimita 12, faɗin gaba 100, na baya 142, amma tsawonta da irin tiredinta sun danganta da firam, don haka a saye ta tare da shi. Tsakiyar kan keke milimita 31.8 ne. Sandar sirdi tana iya zama 27.2 ko 31.6, ko kuma mai siffa ta musamman da sai ta kamfanin. Sirdi mai ƙafafun kabon ƙafafunsa ba zagayayyu ba ne, milimita 7 ne a 9, kuma ba kowane mariƙi ke karɓarsu ba. Sai hob na baya, wato cibiyar wili, wanda aka yi bayaninsa a amsar giya.

Birkin faifai ko na rim?

Birkin da ke kama rim ya fi sauƙin nauyi da ɗaruruwan giram, ya fi sauƙin gyara, kuma ana samun kayansa na hannu da rahusa. Rauninsa yana bayyana idan rim ɗin na kabon ne: ba ya kamawa da kyau cikin ruwan sama, yana buƙatar robar birki ta musamman, kuma dogon riƙe birki a gangara yana tara zafin da zai iya lalata rim. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi kamawa, yana ba da damar saka taya mai faɗi, kuma kusan duk sababbin firam nasa ne. Wanda ya zaɓe shi ya riƙe abu ɗaya: Shimano da Campagnolo man ma'adini suke amfani da shi, birkin SRAM na keken kwalta kuma wani man birki mai suna DOT, kuma zuba ɗaya a gurbin ɗaya yana lalata robobin ciki.

Wane saitin giya ya dace, kuma na waya ko na lantarki?

A wajen Shimano matakan tsere uku ne, 105 da Ultegra da Dura-Ace; a wajen SRAM akwai Rival da Force da Red. Aikinsu ya yi kusa da juna ƙwarai, bambancin yana ga nauyi da farashi: tsakanin 105 na lantarki da Dura-Ace kusan rabin kilo ne, amma kuɗin ya ninka. A ganina matakin tsakiya ya wadatar, sauran kuɗin a kai su wili. Giyar lantarki, wadda Shimano ya fito da ita da sunan Di2 a 2009, ta fi sauƙin haɗawa a firam mai ɓoyayyun hanyoyin waya, kuma ba kasafai take sauka daga saiti ba. Sai dai Ultegra da Dura-Ace masu giya 12 na lantarki ne kawai, don haka mai son na waya zai nemi 105 ko tsofaffin masu giya 11. Hannuwan giya marasa waya suna cin ƙaramin batiri, CR2032 a SRAM, CR1632 a Shimano, kuma na biyun ba kowane shago ke da shi ba, gara a sayo na ajiya.

Kada a gauraya kayan giya 11 da na 12, ko na kamfani da na wani, sai an tabbatar sun dace. Kaset ɗin SRAM, wato jerin faranti masu haƙora na wilin baya, mai farawa da haƙori 10 yana buƙatar hob irin XDR, na Shimano mai giya 12 kuwa yana hawa hob ɗinsu na giya 11. Game da yawan haƙora, faranti 50 da 34 a gaba tare da 11 zuwa 34 a baya zai hau da kai kusan kowane tudu. 52 da 36 na mai ƙarfin ƙafa ne.

A ina kuɗi ya fi yin amfani wajen rage nauyi?

A wili da taya. Wilin alminiyam da ke zuwa da kekuna masu matsakaicin farashi yakan kai giram 1,800 ko fiye, na kabon mai kyau kuma 1,300 zuwa 1,500. Mafi arahar ragi kuwa yana cikin taya: tub ɗin roba da aka saba da shi kusan giram 100 ne, na wani siririn filastik mai suna TPU kuma 30 zuwa 40, wato fiye da giram 100 ke nan a ƙafa biyu da kuɗi kaɗan. Faɗin taya milimita 28 zuwa 32 ya fi dacewa da kwalta mai ramuka da tsakuwa, in dai firam ya ba da fili, domin taya mai faɗi da iska kaɗan ba ta rage gudu a irin wannan hanya, kuma tana kare rim.

A kula da rim ɗin da bakinsa ba shi da ƙugiya, wato 'yar lanƙwasar da ke riƙe gefen taya. Irinsa sai da tayar da aka amince ta dace da shi, kuma iskarsa ba ta wuce bar 5, wato psi 72.5. Wanda ya saba cika taya har ta yi tauri kamar dutse gara ya sayi mai ƙugiya.

A ina ne bai kamata a rage nauyi ba?

A fok, da kan keke, da mariƙin kai, da birki. Idan sarƙa ta tsinke ko sirdi ya karye, akwai damar tsayawa. Idan kan keke ya karye a gudun kilomita 50 a awa, fuska ce ke fara isa kwalta. A waɗannan wurare a sayi na kamfanin da ke gwada kayansa, kuma mariƙin kai na alminiyam sau da yawa nauyinsa ɗaya da na kabon. A kuma karanta iyakar nauyin mahayi da aka rubuta a kan wili da feda da sandar sirdi masu sauƙin nauyi sosai, domin da yawansu suna da ita.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa?

Na farko shi ne sifana mai awon ɗauri wadda ke aiki daga Nm 2 zuwa kusan 14 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), da wata babba mai kaiwa 50. Sai saitin alanki mai kyau da na tauraro, makullin kaset da bulalar sarƙa, makullin boris ɗin kuran, abin yanke sarƙa, zarto mai ruwan yankan kabon, giris, man kabon mai yashi-yashi, da kayan fitar da iska daga birki idan na mai ne. Idan akwai abin rataye keke, a kama sandar sirdi da shi, kada a taɓa matse bututun firam.

Yaya ake yanka bututun fok ba tare da ɓarna ba?

Wannan shi ne aikin da ba a maimaita shi, don haka kada a yi shi ranar farko. A haɗa komai, a bar bututun da ɗan tsawo, a cike saman da zobba, a hau keken 'yan kwanaki a hanya mai lafiya har a tabbatar da tsayin da ya dace da baya da wuya. Yawancin kamfanoni ba su yarda zobban da ke ƙarƙashin mariƙi su wuce milimita 30 zuwa 40 ba. A bar zobe ɗaya na milimita 5 a sama, domin mariƙin ya kama bututu cikakke, kada ya matse bakinsa.

Idan lokacin yanka ya yi, a ja layi a saman zoben ƙarshe, a cire fok, a sauko da milimita 3 daga layin, a naɗe wurin da salatif don kada zaren ya tarwatse. A ɗaura abin saita zarto, ko tsohon mariƙin kai, don yankan ya miƙe. A jiƙa wurin da ruwa, a rufe hanci da baki, domin baƙar ƙurar da ke fita ba ta da kyau ga huhu. A bar zarto ya ci da kansa ba tare da dannawa ba, kuma idan an kusa ƙarshe a juya bututun a ƙarasa daga ɗaya gefen, sannan a goge bakin da sanfefa mai laushi. A cikin bututun kabon matoshi mai buɗewa ake sakawa, wanda ya kai tsawon wurin da mariƙi ke kamawa. Ƙarfen nan mai haƙora da ake bugawa da guduma cikin fok na ƙarfe yana yanka zaren kabon, ba a kusantar da shi.

Wane irin ɗauri ake yi wa notuna, kuma ina ake shafa giris?

Lambar da aka buga a jikin sashen ita ce hukunci, kuma iyaka ce, ba wajibi ne a kai ta ba. Galibi notunan mariƙin kai da na sandar sirdi suna tsakanin Nm 4 da 6, na hannun kuran na hagu a Shimano 12 zuwa 14, murfin kaset kusan 40, boris mai tiredi 35 zuwa 50. Notuna huɗu na fuskar mariƙi ana ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. Murfin saman fok aikinsa kawai ya cire girgiza daga boris, kuma ana saita shi kafin a ɗaure mariƙi. Fedar hagu ta hagu ake ɗaure ta.

Na taɓa ɗaure sandar sirdi da alanki zalla saboda tana zamewa, na ƙara rabin juyi, sai na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Da na zaro ta, ga tsaga siririya ta bi tsawonta daidai bakin mariƙi. Abin da take buƙata tun farko shi ne man kabon, wanda yashin cikinsa ke hana zamewa da ɗauri kaɗan. Shi ake shafawa a sandar sirdi da inda mariƙi ke kama kan keke. Giris kuma na tiredi ne da boris da sandar wili. Man kabon ba ya shiga boris, kuma wasu kamfanoni sun hana shafa shi a bututun fok, don haka a duba takardarsu.

Wane tsari ake bi wajen haɗawa?

A fara zura wayoyi da bututun man birki cikin firam tun yana fanko, kafin boris ɗin kuran ya toshe hanya, a kuma saka musu soso don kada su riƙa kaɗawa. Daga nan sai fok da kai, boris da kuran, masauyan giya, wili, sarƙa, saitin giya, sannan fitar da iskar birki. Naɗin kan keke shi ne na ƙarshe, bayan an gamsu da mazaunin hannuwan birki.

Kayan hannu fa, da yadda ake gane tsagewa?

Giya da birki na hannu suna iya zama riba, amma kan keke da fok na kabon da ba a san tarihinsu ba kasada ce. Mai sayen kuran na Shimano ya sani cewa a Satumbar 2023 kamfanin ya yi kiran a kawo wasu Ultegra da Dura-Ace masu giya 11 da aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, saboda haɗin gam ɗinsu yana iya rabuwa. Lambar tana bayan hannun kuran.

A firam, a wanke shi a duba cikin haske mai kyau, musamman gidan kuran, bakin sandar sirdi da ƙarƙashin bututun gaba. A danna wurin da ake zargi da babban yatsa a ji ko ya yi laushi, a ƙwanƙwasa da kwabo a hankali: lafiyayyen wuri yana ba da sauti tsantsa, wanda ya rabu a ciki kuma sautinsa a dushe yake. Wannan gwaji yana kama wasu lahani ne kawai, don haka bayan faɗuwa mai ƙarfi a cire fok a duba bututunsa gaba ɗaya.

Yaya zan kula da shi a ƙasa mai ƙura da zafi?

Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man sarƙa mai danƙo takan zama kamar sanfefa, ta cinye sarƙa da haƙora cikin watanni. A lokacin rani busasshen mai ko kakin sarƙa ya fi, a riƙa goge ta da tsumma bayan kowace fita, a kuma canza ta idan abin awo ya nuna ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari. Kada a wanke keke da injin feshin wankin mota, domin yana tura ruwa da ƙasa cikin boris. Kada a bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, saboda iskar taya tana ƙaruwa da zafi, abin da ya fi haɗari ga rim mara ƙugiya da aka ambata a amsar wili.

Gumi ma yana ɓarna. Inda kabon ya haɗu da alminiyam, gishirin gumi yana sa alminiyam ɗin ya ci, har sandar sirdi ta maƙale, don haka a zaro ta duk bayan 'yan watanni a goge a sake shafa man kabon. Sannan tun ranar sayen firam a haɗa da maratayin giyar baya guda biyu na ajiya. Ƙaramin ƙarfe ne da aka yi shi don ya lanƙwashe a madadin firam idan keke ya faɗi ta dama, yawancin firam kowanne da irin nasa, kuma jiran wani ya iso daga waje yana iya ajiye keke wata guda a jingine da bango.